Kuɗin tagulla na Girkawan kudancin Italiya

Waɗannan tsabar kuɗi ne da biranen Girkawa mazauna gaɓar kudancin Italiya suka riƙa bugawa, yankin da Romawa ke kira Magna Graecia, wato Babbar Girka. Tagullar haɗin jan ƙarfe ne da kuza, wani lokaci har da ɗan darma.

Tarihi

Ba da tagulla aka fara ba. Tun wajen 550 zuwa 530 kafin haihuwar Annabi Isa (K.H.) birane irin su Sybaris da Kroton da Metapontion azurfa suke bugawa, to amma azurfa tana da tsada, in ana son ƙaramin canji na sayen burodi ko kifi sai kuɗin ya fito ɗan mitsitsi, da ya faɗi a ƙasa shi ke nan sai dai haƙuri (a Atina ma a baki mutane kan riƙe irinsa in za su kasuwa). Wannan matsalar ce tagulla ta zo ta warware a rabi na biyu na ƙarni na 5 K.H., kuma kudancin Italiya da tsibirin Sisili suna cikin wuraren da suka riga sauran ƙasar Girka. Ana yawan sa Thurii, wadda aka kafa wajen 444 K.H., da Rhegion a sahun farko. Wa ya riga wa, masana ba su daidaita ba.

Abin lura shi ne ƙarfen da ke cikin kuɗin sau da yawa bai kai darajar da aka sa masa ba, mutane na karɓa ne don hukumar birnin ta tsaya masa, shi ya sa galibi bai cika yin nisa da gida ba.

Zane

Kowane birni da tambarinsa. Metapontion zangarniyar sha'ir ce, don manoma ne na gaske, kuma akwai wani kuɗinsu da aka rubuta OBOLOS, wato sunan wani ƙaramin kuɗin Girkawa, ɓaro-ɓaro a jiki saboda kar a yi gardamar nawa ne. Thurii kan gunkiya Athena a gaba, a baya bijimi ya sunkuyar da kai zai yi tunkuyi. Rhegion fuskar zaki, Neapolis kuma bijimi mai fuskar mutum. Wasu kan sa ɗige-ɗige don nuna daraja. Taras duk arzikinta ta daɗe tana manne wa ƙananan azurfa, sai can baya ta buga tagulla.

Ƙarshensa

Roma ta kama Taras a 272 K.H., bayan yaƙin Roma da Hannibal, jagoran sojan Carthage, kuma yawancin biranen suka daina bugu, kuɗin Roma ya mamaye kasuwa. Paestum, tsohuwar Poseidonia, ita kam ta ci gaba da buga tagulla har zamanin sarkin Roma Tiberius, sai dai rubutun ya riga ya koma Latin.

A yau

Suna gidajen tarihi da hannun masu tara tsoffin kuɗi, yawanci sun yi tsanwa.