Waiwaye: Takaddamar Sauya Fasalin Tsofaffin Bindigogin Soja a Amurka

Da aka kammala Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, rumbunan sojojin Turai sun cika maƙil da bindigogin da zamani ya fara wucewa, irin su Lee-Enfield ta Birtaniya, wadda sojojinmu na Afirka ta Yamma suka riƙe a Bama, wato Myanmar ta yanzu, da Mauser K98k ta Jamus da Carcano ta Italiya. Gwamnatoci suka yi gwanjonsu, 'yan kasuwa irin su Samuel Cummings, mai kamfanin Interarms, suka yi ta jigilarsu zuwa Amurka, inda ake sayar da su da arha ta hanyar gidan waya.

Maharbin wancan lokaci bai ɗauke su kayan tarihi ba. Abin da ya gani shi ne ƙarfe mai inganci da katako mai nauyi ya lulluɓe, saboda haka sai ya datse katakon, ya cire mariƙin banati, ya huda ƙarfen ya ɗora madubin hange, ya samu bindigar farautar barewa a kan kuɗin da bai kai na sabuwa ba. Kamfanoni ma sun shiga sana'ar, ciki har da Parker-Hale na Bamingam. Kafin su, wasu sojojin da suka dawo da ganima sun riga sun sa zarto sun yanke katakon domin bindigar ta shiga jakar kayansu, kuma har yau akan ga tabon a ƙarƙashin zoben ƙarfen da ke ɗaure katakon.

Al'amarin ya juya bayan kisan Shugaba Kennedy a ranar 22 ga Nuwamba 1963 da wata Carcano da aka yi odarta ta gidan waya. Dokar 1968 ta hana shigo da rarar makaman soja, sai a 1984 aka sake buɗe ƙofa ga waɗanda ake lissafawa a matsayin kayan tarihi, rukunin da bindiga kan shiga idan ta cika shekara 50 kuma tana nan a asalin sigarta. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya ƙara wa masu adana tsofaffin bindigogi ƙarfin hujja. Su a wajensu, lambar da ta dace a kan kowane sashe, da hatimin masana'anta, da zanen furen sarautar Japan da ke kan Arisaka, bindigar sojojin ƙasar, wanda aka goge a kan da yawa daga cikinsu lokacin miƙa wuya, duk shaidu ne da ba sa dawowa idan zarto ya bi ta kansu.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, bindigar sojojinta, Mosin-Nagant, ta malalo kasuwa a ƙasa da dala 100, gardamar ta dawo sabuwa. Masu sauyawa suka ce an ƙera miliyoyinta, kuma mai kaya shi ke da iko da kayansa. Maganarsu ba ta rasa tushe ba, sai dai haka aka faɗa game da Mauser kafin ta yi wuya. A ganina, zargin maharban shekarun 1950 rashin adalci ne, domin sun yi aiki da abin da ke gabansu, amma wanda ya datse cikakkiya a yau ya karya darajarta a kasuwa, alhali sabuwar bindigar farauta mai araha ta fi ta saiti. Shi ya sa wasu suka koma sayen waɗanda aka riga aka datse, suna neman tsohon katako domin mayar da su kamanninsu na farko.