Kafin ka ɗauki injin feshi, duba waɗanda ke zaune a gonar shinkafarka

A fadamun gulbin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno da Kware, manoma da yawa kan fara feshin maganin ƙwari sati biyu bayan dashe, da zarar sun ga ganye ya ɗan huje. Wannan feshin na farko asara ce, sau da yawa ma shi ke janyo ɓarnar da ake gudu.

Fangalin shinkafa hawa uku ne: laka, ruwa, da ganye, kowane hawa yana ciyar da na samansa. Tattakar da ta ruɓe a laka ita ce abincin ƙananan tsutsotsi da ƙwarin ruwa waɗanda ba ruwansu da shinkafa. Su ne gizo-gizo da mazari da kwaɗi suke ci a makonnin farko, su hayayyafa. Kafin tsutsar kara ta iso, masu cin ta sun riga sun cika gona suna jira. Idan aka yi feshi da wuri, masu gadin nan ne ke fara mutuwa, tsutsar kuwa tana cikin kara inda magani bai cika kai mata ba, ƙwari daga gonar maƙwabci kuma su dawo su tarar babu mai hana su. Shi ya sa gonar da aka fara yi wa feshi take ta neman ƙari.

Shinkafa mai 'ya'ya, wato wadda take fitar da sababbin rassa daga gindi, tana jure cin ganye sosai, domin tana fitar da sabo ta maye gurbi. Saboda haka a kwana 40 na farko bayan dashe ba a feshi don hujin ganye kawai. A shiga gona da sassafe sau ɗaya a mako, a ratsa ta a karkace, a duba gindi 20. Abin lura shi ne zuciyar da ta bushe, wato tohon tsakiyar kara, wadda ake zarewa da sauƙi, aikin tsutsar kara ke nan, sai kuma ganyen da ya zama kamar na albasa. Wannan na biyun wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke jawo shi, kuma reshen da ya yi haka ba zai fitar da zangarniya ba. Lokacin da aka ga ganyen albasa aikin gama ya gama, feshi ba ya mayar da shi. Ƙudan yana fakewa a shinkafar daji da wadda ta sake tohowa bayan yanka, don haka maganinsa shi ne a kawar da su, maƙwabta kuma su yi dashe kusan lokaci ɗaya. Wanda ya makara, ƙwarin gonakin da suka riga shi a kansa suke sauka, haka ma tsuntsayen jan baki.

Ruwa shi ne linzamin gonar. Bayan dasa irin da ya yi kwana 21, da tazarar santimita 20 ta kowane gefe, a riƙe ruwa santimita 3 zuwa 5. Wannan ya isa ya danne yawancin ciyawa. Idan ya yi zurfi da yawa shinkafa ba ta 'ya'ya sosai. Ruwan da ya daɗe a kwance kuma yana hana saiwa iska: a tuge gindi ɗaya a gani, saiwa fara lafiya ce, baƙa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai alamar matsala ce. Mai noman rani da injin ban ruwa zai iya kafa bututun roba mai tsawon santimita 30, mai ƙananan huji a jikinsa, rabinsa cikin ƙasa, a kwashe lakar cikinsa. Sai ruwan da ake gani cikin bututun ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa a sake ba da ruwa ya kai santimita 5. Ana rage kuɗin mai, ana kuma katse wa sauro hayayyafa. Amma daga mako ɗaya kafin fure zuwa mako ɗaya bayansa, kada a bar gona ta bushe, in ba haka ba ƙaiƙayi za a kwasa.

Taki ma yana canza mazauna gonar. Yuriya da aka watsa cikin ruwa mai zurfi, wani kaso yana bin iska, wani gansakuka ta cinye. A rage ruwa tukuna, a raba takin kashi biyu, lokacin 'ya'ya da lokacin da shinkafa za ta ɗauki ciki. Yawan yuriya yana sa ganye laushi, ƙwari da cutar ƙunar ganye su samu ƙofa, karan kuma ya kwanta.

Ƙona tattaka, ko da yake yana da sauƙi, ƙona abincin laka ne. Abin da dabbobi suka rage a juya shi cikin ƙasa aƙalla mako 3 kafin dashe, don idan ya ruɓe a gindin sabon dashe ganye zai yi rawaya.

Akwai mazaunin da ba a so: ƙananan dodon koɗin magudanan ruwa masu ɗauke da tsargiya. A riƙa share ciyawar magudana, a sa takalmin roba, kada a yi fitsari ko bahaya a ruwan gona. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai maganinsa.