Masu binciken ƙanƙara a ƙuryoyin duniya: ina ruwan manomin Gombe da su?

Malam, wai Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙuryar kudu ta duniya, ta wace ƙasa ce?

Ba ta kowa ba ce. Ƙasashe 7 sun taɓa cewa wani yanki nata nasu ne, cikinsu har da Ajantina, Birtaniya, Faransa da Nowe. Amma ranar 1 ga Disamba 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a Washinton kan yarjejeniyar da ta jingine maganar mallaka, ta hana kafa sansanin soja da gwajin nukiliya, ta kuma ce duk wanda ya gano wani abu ya nuna wa saura. Amurka da Tarayyar Sobiyet na cikin masu sa hannun, alhali a lokacin ba sa ga maciji da juna. A 1991 aka ƙara da yarjejeniyar Madrid, wadda ta haramta haƙar ma'adinai a can.

To ba da gasa aka fara ba?

An yi gasa, har ta ci rayuka. Roald Amundsen ɗan Nowe ya isa ƙuryar kudu ranar 14 ga Disamba 1911 da karnuka masu jan kaya. Robert Scott na Ingila ya iso bayan wata guda, kuma shi da abokan tafiyarsa huɗu suka rasu a hanyar dawowa. Sai dai tun kafin nan wani hafsan sojan ruwa, Karl Weyprecht, ya nace cewa kafa tuta ba ilimi ba ne, gara ƙasashe su riƙa awo lokaci guda da ma'auni iri ɗaya. An bi shawararsa a 1882 zuwa 1883.

Idan aiki ɗaya ake yi, me ake nufi da kowace ƙasa da salonta?

Rashawa sun ƙware a haƙa mai zurfi da jure azabar sanyi. A sansaninsu na Vostok aka auna digiri 89.2 ƙasa da sifiri a 1983. A nan suka huda ƙanƙara har mita 3,623 a 1998, suna fito da ita guntu-guntu kamar sandar rake. Idan ka ɗaga guntu ɗaya a haske za ka ga ƙananan kumfa a ciki: tsohuwar iska ce da dusar ƙanƙara ta danne. Faransawa a Grenoble su ne gwanayen fasa kumfan su auna iskar. Da suka haɗu da Rashawa da Amurkawa, sai aka karanta tarihin yanayi na shekara 420,000, aka ga zafin duniya da iskar kabon suna hawa da sauka tare.

Turawan Ingila kuwa haƙurin rubuta awo ne nasu. Tun shekarun 1950 suke auna ozon, wato iskar da ke kare mu daga mugun hasken rana, a sansanin Halley. Wannan naci ne ya sa a 1985 Joe Farman da abokan aikinsa biyu suka bayyana cewa ta yi mummunan raguwa. Japanawa a sansanin Syowa sun ga haka, tauraron ɗan'adam na Amurka ma ya tabbatar. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal don a daina amfani da gas ɗin da ke cinye ozon, kuma Najeriya na cikinta. Je ka wurin mai gyaran firij a Gombe ka duba tukunyar gas ɗinsa: R12 na da ya ɓace, yanzu R134a ko R600a za ka gani. Daga can abin ya samo asali.

Mu da ba mu da ƙanƙara, ina abin ya shafe mu?

Ta wajen damuna, ɗan'uwa. Ruwanmu daga tekun Atilantika iska ke ɗauko shi, kuma nisan da zai yi zuwa arewa ya danganta da yadda zafi ya rabu a tekun. Masana sun nuna cewa idan ƙanƙarar Girinlan, babban tsibirin da ke kusa da ƙuryar arewa, ta narke da yawa, igiyar ruwan da ke kai ɗumi arewa na iya raunana, damuna ta ja da baya zuwa kudu. Mai gero a Dukku ko Nafaɗa da mai noman rani a Daɗin Kowa duk za su ji a jikinsu.

Afirka na da hannu a ciki?

Afirka ta Kudu kaɗai, kuma tana cikin ƙasashe 12 na farko. Tana da sansanin SANAE IV da jirgin ruwa S.A. Agulhas II mai tashi daga Cape Town. Najeriya ba ta shiga yarjejeniyar Antaktika ba, kuma wannan na damuna ƙwarai. Ba sai mun sayi jirgi ba. Yawancin bayanan kyauta suke a intanet, ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe ko ta Kashere zai iya haɗa su da awon ruwan samanmu.

Haɗin kan yana nan yadda yake?

A kudu yarjejeniyar na aiki har yau. A arewa an samu tangarɗa. Majalisar Aktik, wato ta yankin ƙuryar arewa, mai ƙasashe 8, wadda aka kafa a 1996, ta tsaya cik a Maris 2022 bayan Rasha ta afka wa Yukiren, domin sauran ƙasashe 7 sun dakatar da zama da ita. Kusan rabin gaɓar tekun Aktik a hannun Rasha yake, don haka awo daga Saiberiya ya yi wa masana na waje wuyar samu.