Ƙaron ƙudan zuma a haɗin turare

Ƙaron ƙudan zuma, wanda masana ke kira furofolis, wani abu ne mai danƙo da ƙudan zuma ke kalatowa daga tohon itatuwa da wuraren da ɓawo ya tsage, su cakuɗa shi da kaki da yawunsu. Da shi suke liƙe ɓarakar amya, su kuma tsuke ƙofarta. In ɓera ya kutsa ciki ya mutu, suka kasa fitar da shi, sai su shafe gawar da ƙaron don kada ta yi ɗoyi. Sunan furofolis daga Girkanci yake, ma'anarsa "gaban birni".

Kusan kashi 50 cikin 100 nasa ƙaron itace ne, kashi 30 kaki, kashi 10 mai mai ƙamshi, sauran kuma garin fure da tarkace. Launinsa da ƙamshinsa suna bin itatuwan wurin: na Turai ruwan ƙasa ne, a Barazil kuwa akwai kore da ja. In ya sha sanyi yakan ƙage har ya karye, da ya ji ɗumin hannu kuma ya yi laushi ya manne a yatsa.

Masu haɗa turare kan jiƙa shi cikin etanol, wato ruwan alkohol, na tsawon makonni, su tace. Abin da ke fitowa yana ƙamshin zuma da kirfa, da ɗan kama da jawul. Ba shi ne ke fara bugun hanci ba. Amfaninsa shi ne riƙe sauran ƙamshi don kada su yi saurin tashi, abin da mai sayen turare a Legas ya fi damuwa da shi, inda zafi da gumi kan cinye turare kafin azahar.

Sai dai a teburan masu turare na Agege da Idi-Araba ba kasafai ake jin sunansa ba. Al'ud da almiski da sandal da humra su ne a gaba. Akwai dalili: ba ya narkewa sosai cikin mai, alhali da yawa daga masu saye sun fi son turaren mai marar etanol. A kan garwashi kam ba ya buƙatar komai, ɗan gutsure ya isa ya turara ɗaki.

Yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, musamman masu kiwon zuma da ke yawan taɓa shi, don haka kaɗan ake zubawa.