Mallakar bindiga, 'yan sintiri da kare kai lokacin tarzoma a Legas

Kare kai shi ne mutum ya yi amfani da ƙarfi ya tunkuɗe wanda ya kawo masa hari, shi ko iyalinsa ko dukiyarsa, a daidai lokacin da harin ke faruwa. Sintiri kuwa shi ne mutanen unguwa ko 'yan kasuwa su haɗu su riƙa gadin wurinsu da kansu, wasu su ce 'yan banga, wasu 'yan sa kai, a Borno a ce 'yan ƙato da gora. Mallakar bindiga magana ce ta uku daban. A baki dai mutane cakuɗa ukun suke yi, musamman ranar da gari ya rikice, amma a dokar Najeriya kowanne da matsayinsa, na farko haƙƙi ne, na biyu ana ƙyale shi da sharaɗi, na ukun kuwa alfarma ce da gwamnati ke ba wanda ta ga dama kuma ta karɓe in ta so. Ga Bahaushen Legas, na Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago, wannan bambancin ba ƙaramin abu ba ne, saboda shi an sha gadinsa da sunan sintiri, shi ma ya yi gadin wasu, an kuma sha kashe shi da sunan sintirin.

Abin da doka ta ce

Kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 33 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sai kuma ya ce ba za a ɗauka an tauye wa mutum wannan haƙƙin ba in ya mutu sanadin ƙarfin da doka ta yarda da shi, gwargwadon buƙata, wajen kare wani daga hari ko kare dukiya. Dokar laifuka ta Kudu ta yi bayanin haka a sashe na 286 da 287, ta Arewa wato Penal Code ita ma tana da nata daga sashe na 59, jihar Legas kuma tana da dokar laifukanta ta 2011 mai irin wannan tanadi. Duk abu ɗaya suke nema, hari ya kasance na gaske kuma yanzu yake faruwa, ƙarfin da ka sa kar ya wuce girman barazanar. Wanda ya mare ka ba ka da damar sara masa adda. Ɓarawon da ya yar da kaya ya zura da gudu, ko wanda aka riga aka kama aka ɗaure, in ka kashe shi ba kare kai ka yi ba, kisa ka yi, haka alƙali zai rubuta. Doka ta yarda farar hula ya kama mai laifi, amma ya miƙa shi ofishin 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba, nan aikinsa ya ƙare.

Bindiga kuwa babu inda kundin ya ce haƙƙin ɗan ƙasa ce. Makamai da harsashi suna cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, shi ya sa gwamna ko na Legas ne ba shi da ikon ba ka lasisi. Dokar da ake aiki da ita tun 1959 take, kafin 'yancin kai ma, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin su mashin-gan, bindigar soja, gurneti, har da fistol da libarba, waɗannan sai da sa hannun shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai kamar bindiga mai baki biyu da ta harbin nama, lasisinsu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Sai bindigar toka, harba-ka-ruga ta mafarauta, wadda kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba izini. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Toh kun ga AK-47 da ake ta maganar "a ba mu mu kare kanmu" babu wata hanya da ɗan tireda a Ijora zai bi ya same ta da halal.

Masu kawo misali da Amurka su tuna can tsarin daban ne tun daga tushe. Gyara na biyu da aka yi wa kundinsu a 1791 ya sa riƙe makami cikin haƙƙoƙi, kotun ƙolinsu kuma a 2008 ta ce haƙƙin na mutum ɗaya ne ba sai yana cikin runduna ba. Shi ya sa a tarzomar Los Anjeles ta 1992 aka ga 'yan kasuwa 'yan asalin Koriya a saman rufin shagunansu da bindigogi. Su ma ɗin har gobe ba su gama gardama a kai ba.

Yadda sintiri ya samu gindi a Legas

Tun kafin ƙungiyoyi masu suna, gadin Legas a hannun maigadi yake, kuma kowa ya san yawancin masu gadin nan mutanenmu ne da 'yan Nijar da Buzaye, da gora da tocila da usur, wani da kwari da baka, wani da layunsa a ɗamtse. Kalmar maigadi har ta shiga bakin Yarbawa da Turancin titi. Da fashi ya yi ƙamari sai layuka suka fara sa get na ƙarfe, ƙungiyar masu gidaje ta tara kuɗin wata ta biya masu sintiri, har gwamnati ta riƙa gargaɗin cewa get ɗin layi ya zama a buɗe daga 5 na asuba zuwa 12 na dare saboda motar asibiti da ta kashe gobara. Zamanin Buba Marwa yana gwamnan soja, daga 1996, aka kafa masu sa ido na unguwanni. Gwamna Ambode ya sabunta abin da doka a 2016, aka ƙaddamar da rundunar tsaron unguwanni ta jihar, wato LNSC, a 2017, masu yunifom da keke da mota amma ba bindiga. Rundunar tsaro ta Amotekun da gwamnonin Kudu maso Yamma suka ƙaddamar a Ibadan a Janairun 2020 ta fi ƙarfi a Oyo da Ondo da Ogun, Legas ta tsaya kan tata rundunar.

Amma sunan da ya fi tsaya wa Hausawan Legas a rai shi ne OPC, wato ƙungiyar Yarbawa ta Oodua People's Congress. Dakta Frederick Fasehun ne ya kafa ta a 1994 bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da manufar kare muradun Yarbawa, daga baya ta rabe biyu, ɓangare ɗaya ƙarƙashin Gani Adams. Gaskiya ce kuma dole a faɗa, a unguwanni da yawa mutane sun yi murna da su don sun kori 'yan fashi lokacin da 'yan sanda suka gaza, har yau akwai layukan da su ke gadi ana biyansu. Sai dai ƙungiyar da aka gina kan ƙabila, ranar da rigima ta tashi ba ta tambayar wa ya yi laifi, tambayarta kai ɗan ina ne. A Yulin 1999 rikicin Shagamu ya tashi kan bikin Oro na gargajiyar Yarbawa, aka kai gawarwaki da masu rauni Kano, can ma aka yi ramuwa kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. A Nuwamban 1999 sai Ketu da kasuwar Mile 12, rigimar shugabancin kasuwa ta koma ta ƙabila, aka rasa rayuka masu yawa har Obasanjo ya ba da umarnin a harbe 'yan OPC duk inda aka gan su suna ta da fitina. Oktoban 2000 aka yi na Ajegunle da kewaye. Sai Idi-Araba a Fabrairun 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja, gari bai gama makoki ba aka ƙone gidaje a Mushin, mata da yara suka kwana a barikin soja. Dattawan Idi-Araba in suna ba da labarin har yanzu muryarsu sauyawa take.

A duk waɗannan rigingimu samarinmu su ma sun ɗauki makami, wasu sun tsaya bakin layi ne kawai sun tare iyalansu, wannan babu mai zarginsu. Wasu kuma sun tsallaka layin da ba nasu ba sun taɓa wanda bai taɓa su ba, wannan ba kare kai ba ne ko da wa ya fara. Haka a Mile 12 cikin Maris 2016, abin da ya fara daga ɗan acaɓa da mutanen unguwa ya ƙare da rufe kasuwa da dokar hana fita, masu tumatir da albasa suka yi asarar da ba su da hannu a sanadinta.

Shekarar 2020

Sau biyu a shekara ɗaya mutanen Legas suka ga yadda gari ke zama in hukuma ta janye. A Afrilu lokacin kullen korona labari ya bazu cewa yaran da ake kira One Million Boys da 'yan Awawa suna shiga gida-gida, sai Agege da Alimosho da Abule Egba kowa ya fito, ana ƙona taya a bakin layi, adda da gora da kwalba a hannu har asuba. A layuka da yawa Bahaushe da Bayarabe da Ibo tare suka kwana a waje, ana raba shayi, wannan shi ne sintirin da ya fi kyau da aka gani, don maƙwabta ne da suka san juna ba haya aka ɗauko ba. Duk da haka jita-jitar WhatsApp ta fi ainihin harin yawa, kuma baƙon da dare ya yi masa a hanya ya sha wuya.

Na biyun shi ne Oktoba, bayan harbin da sojoji suka yi a get ɗin Lekki ran 20 ga wata lokacin zanga-zangar EndSARS. Washegari aka ƙone ofisoshin 'yan sanda, aka ƙone motocin BRT a Oyingbo, aka shiga fadar Oba na Legas, aka fasa shaguna, 'yan sanda suka ɓace daga titi na kwanaki, bindigogi kuma suka fita daga wasu ofisoshin zuwa hannun da ba a sani ba. A Fagba rigima ta juye ta zama ta ƙabila, aka ƙone motocin shanu da shaguna. Abin da ya kashe wutar a wurare da yawa ba bindiga ba ce, zaman da sarakunan Hausawa da baale-baale, wato masu unguwannin Yarbawa, da limamai da shugabannin kasuwa suka yi ne, kowa ya ja kunnen yaransa.

Gardamar a ba kowa bindiga

Masu goyon baya hujjarsu mai nauyi ce, ba a raina ta. Sun ce ɗan fashi ba ya neman lasisi, doka mai bin doka kaɗai ta ɗaure wa hannu. Manya ma sun faɗa, Janar T.Y. Danjuma a Jalingo cikin Maris 2018 ya ce mutane su tashi su kare kansu, Gwamna Masari ya faɗi makamancin haka a Katsina a 2021, Gwamna Matawalle a 2022 ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisi, hedikwatar tsaro ta ce ba shi da wannan hurumin. Kuma bindigogin suna shigowa ko an so ko an ƙi, a Janairun 2017 kwastan sun kama 661 a Legas cikin kwantena ɗaya, a watan Mayu 440 a tashar Tin Can, a Satumba 1,100, galibi daga Turkiyya. Wanda aka kama kenan.

Amma ƙauyen Zamfara da ke da tafiyar awa biyu zuwa ofishin 'yan sanda daban, Legas daban. Nan gida ɗaya ɗaki goma sha, bango na bulo ɗaya, harsashi ba ya tsayawa a ɗakin da aka harba shi. Can ɗin ma da aka gwada, 'yan sa kai da suka fara da kare gari sun koma kashe Fulani a kasuwa ba shari'a, kuma wannan na cikin abin da ya hura wutar 'yan bindigar daji. Bakassi Boys a Aba da Onitsha haka suka fara da tafi suka ƙare da yanka mutane a bainar jama'a. A Aluu cikin Oktoban 2012 ɗalibai huɗu na jami'ar Fatakwal aka kashe kan zargin sata. Sai Uromi ta jihar Edo a ƙarshen Maris 2025, mafarauta 'yan Kano suna dawowa daga Fatakwal za su gida sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu suka ga bindigogin toka, aka yi ihun masu garkuwa ne, aka kashe 16. Wallahi wannan ya girgiza duk wani ɗan Arewa da ke zaune a Kudu, don bindigar da doka ta fi sauƙaƙa wa ita ce ta zama hujjar kashe su. Mu ma a Legas ba a wanke mu ba, a Mayun 2022 'yan acaɓa suka kashe wani matashi a Lekki kan rigimar kuɗin haya, ba a jima ba gwamnati ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, dubban masu neman halal suka rasa abinci.

Sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar, shi ya sa ƙungiyar sintiri, ta gwamna ce ko ta layi, ba 'yan sanda ba ce, taimaka musu kawai take yi. A zangon Agege da kasuwanni irin su Mile 12, sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su ne ke tsayawa tsakanin jama'a da hukuma, in an kama yaro da sata wurinsu ake fara kai shi kafin ofis, in baƙo ya sauka da dare su ake tambaya wa ya san shi.