Ba tsatsa ce ke kawo cutar tetanus (ciwon sarƙewar haƙora) ba

Duk mai yawon kallon tsofaffin taragai a yadin jirgin ƙasa, ko mai leƙa rufaffun masaƙun Kakuri a Kaduna, ya sha jin gargaɗin nan: kar ka taka ƙarfe mai tsatsa, tsatsa na kawo tetanus. Gargaɗin na da amfani, amma dalilin da ake bayarwa ba daidai ba ne.

Tsatsa ƙarfe ne kawai da ruwa da iska suka ci. Ƙwayar cutar kuwa, Clostridium tetani, a ƙasa take zaune, da ƙura da kashin dabbobi, kuma takan yi shekaru da ranta. Ba ta son iska, shi ya sa rauni mai zurfi da ƙaramin baki ya fi mata daɗi. Ƙusar da ta daɗe yashe inda shanu ke kiwo tsakanin layukan dogo ta kwashi datti, ga tsini, shi ya sa laifin ya faɗa kan tsatsa. Sabuwar ƙusa, ƙaya ko fasasshiyar kwalba duk suna iya shigar da ita.

Alamomin, kamar sarƙewar haƙora da sandarewar wuya, sukan bayyana cikin kwana 3 zuwa 21 bayan jin raunin.

In ka ji rauni, duba zurfinsa da dattin da ya shiga, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka je asibiti. Duba katin rigakafinka kuma, domin ana son a sabunta allurar duk shekara 10. Ma'aikacin lafiya zai tabbatar maka da wannan.

Don Allah a tura wa 'yan uwa, musamman matasa da masu sana'ar gwangwan.