Bayan bautar ƙasa: mastas ko neman aiki?

Wa ya kamata ya zarce zuwa digiri na biyu (mastas) kai tsaye?

Mai niyyar koyarwa a jami'a ko aikin bincike, domin a wannan hanya digiri na farko ba ya kai mutum nesa. Haka ma wanda yake da takamaiman abin da yake son bincikawa, kuma ya san malamin da zai duba masa aikin. Wanda kuwa zaman gida ne ya ishe shi, mastas ba za ta yi masa maganin rashin aiki ba.

Me ake nema kafin a ɗauki mutum?

Yawancin jami'o'in Najeriya na neman sakamakon 2:2 (daraja ta biyu, ƙaramin mataki) ko sama da haka, da takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa, da cikakken sakamakon darussa daga tsohuwar jami'arka. Wannan na ƙarshe shi ne mai jan ƙafa, don haka a nema tun kafin a buɗe sayar da fom. Mai daraja ta uku sai ya fara da PGD, wato difloma ta gaba da digiri.

Idan na fara aiki, ba na rufe ƙofar karatu ba?

Sau da yawa ma buɗe ta ka yi. Tallafin Chevening na Birtaniya sai mai gogewar aiki ta shekara 2. TETFund kuwa, wato hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, malaman manyan makarantun gwamnati take ɗaukar nauyinsu, ba mai zaman jiran aiki ba. Ga kuma batun shekaru: bankuna da dama na sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata, alhali ba a cika hana mutum mastas saboda ya manyanta ba. Ma'aikacin gwamnati dai ya sani, hutun karatu yakan jira sai an tabbatar da shi a aiki, galibi bayan shekara 2.

Ina aka fi samun cikas?

A rubutun bincike, ba a aji ba. A takarda, karatun kan ɗauki wata 18 zuwa 24, amma malami mai ɗalibai da yawa zai iya riƙe babi guda watanni. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata 8. Kowace shekarar da aka ƙara, sabon kuɗin rajista ne.

Za a iya haɗa aiki da karatu?

Ana yi, ta shirin ƙarshen mako ko jami'ar karatu daga gida ta NOUN. Sai dai mai harin digiri na uku ya fara tambaya ko mastas ɗin ta bincike ce, domin irin su MBA (mastas ta harkokin kasuwanci) ba kowace jami'a ke karɓarsu don zarcewa ba.